Daga Gindin Waƙa Zuwa Goshin Shafi: Tarihin Sunan Marubuci a Jaridun Ɗalibai

Duk wanda ya duba jaridun da ɗalibai ke fitarwa a makarantunmu zai ga ɗan gajeren layi a ƙarƙashin kan magana: kalmar "Daga", sai sunan marubuci, sai ajinsa ko sashensa. Wannan layi baƙo ne a rubutun Hausa, kuma zuwansa bai kai shekara ɗari ba.

A rubutun ajami, musamman waƙoƙin ƙarni na 19, mai waƙa yakan jinkirta ambaton kansa har baitocin ƙarshe, bayan godiya ga Allah da salati ga Annabi, a can kusa da ramzi, watau haruffan da ke nuna shekarar Hijira. Ko a nan ɗin ma cikin ƙanƙan da kai yake faɗar sunan, yana roƙon gafara da addu'ar masu karatu. Mai kwafa shi ma yakan sa nasa a ƙarshe. Saboda haka in takardar ƙarshe ta ɓata, marubucin ya ɓata tare da ita.

Ɗab'in boko ne ya ɗauko sunan ya kai shi gaba. Littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933 sun zo da sunayen masu su a bango, sannan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta saba wa jama'a da ganin sunan mutum da garinsu jikin wasiƙarsa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne siffar sunan kansa. Rajistar makaranta tana bukatar suna biyu, alhali kunya takan hana yaro furta sunan mahaifinsa a bainar jama'a. Sai sunan gari ya tsaya a gurbin: Abubakar Tafawa Ɓalewa, Sa'adu Zungur, Aminu Kano. Marubucin Ganɗoki ya shahara da Bello Kagara, ƙanensa kuwa da Abubakar Imam, ga su uba ɗaya.

Wannan tsari jaridun ɗalibai suka gada, suka ƙara masa aji. Sai dai a ganina editocinsu kan yi kuskure idan suka datse sunan garin don layi ya daidaita, domin a aji guda ana iya samun Muhammadu Sani uku.