Zoɓo, Kwankwani da Jijiyoyin Zuciya: Ina Iyakar Maganin Gargajiya?

Zuciya tsoka ce, kuma tana da nata jijiyoyin da ke ciyar da ita. Idan maiƙo ya taru a cikinsu, hanya ta ƙuntata, jini ya ragu, sai mutum ya ji ƙirjinsa ya ɗaure da zarar ya hau bene ko ya ɗauki kaya. Wannan ciwon ne masu tallar magani a lasifika, irin waɗanda ke zagaya garejin kanikawa na Apo, ke alƙawarin kawarwa da jiƙon da suke cewa yana wanke jijiya.

Ba daidai ba ne a yi watsi da ilimin tsirrai. Kwankwani, wanda maharbanmu ke haɗa dafin kibiya da shi, daga danginsa ne Thomas Fraser na Jami'ar Edinburgh ya gabatar da maganin zuciya a 1885. Sai dai abin da ya raba dafin da maganin shi ne awo, kuma a nan ne jiƙo ke da rauni: kwalbar yau ba lallai ta yi ƙarfin ta jiya ba.

Zoɓo ya fi samun shaida. A binciken Jami'ar Tufts ta Amurka da aka buga a 2010, mutum 65 suka shiga gwaji na mako shida. Waɗanda suka riƙa shan kofi uku na zoɓo kullum, awon jininsu na sama ya sauka da kusan maki 7. Tunda hawan jini na cikin manyan abubuwan da ke lalata jijiyoyi, wannan rigakafi ne mai amfani, muddin ba a cika shi da sukari kamar na roba da ake tallarsa da rana ba. Amma rage hawan jini daban, buɗe jijiyar da ta riga ta toshe daban. Gwajin bai nuna na biyun ba. Ita kuwa tafarnuwa, idan aka yawaita ta tare da maganin tsinka jini, tana iya jawo zubar jini.

Lambar NAFDAC da ke jikin kwalaben jiƙo ma tana nufin an duba rashin illarsu ne, ba an tabbatar suna warkarwa ba. A ganina, aikin tabbatarwar na cibiyar binciken magunguna ta NIPRD ne da ke Idu, wadda ta fitar da Niprisan na ciwon sikila daga haɗin wani mai maganin gargajiya. Ya kamata masu magani su kai mata nasu.

Wanda kuwa ciwon ƙirji ya kama, yana sauka hannun hagu, ga gumi, a garzaya da shi asibiti nan take.