Takunkumin tattalin arziki da yaƙi da yaɗuwar makaman nukiliya

Takunkumi mataki ne na hana wata ƙasa cinikayya, ko rufe asusunta na waje, ko hana shugabanninta tafiye-tafiye, don a tilasta mata sauya manufa ba tare da yaƙi ba. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙaƙaba shi, haka ma wasu ƙasashe su kaɗai.

Darasin Iraƙi

A watan Agustan 1990, bayan mamayar Kuwait, ƙuduri mai lamba 661 ya toshe kusan dukkan cinikin Iraƙi da waje. Abinci da magunguna suka yi ƙaranci, talaka ya galabaita, Saddam Husaini kuwa ya ci gaba da mulki. Shirin sayar da man fetur don sayen abinci, wanda ya fara aiki a 1996, bai share hawayen jama'a ba. Daga nan aka koma ga takunkumin da ke auna shugabanni da kamfanoni da wasu kayayyaki.

Ina ya yi tasiri?

Libiya ta yi watsi da shirinta na makaman ƙare dangi a Disamban 2003, bayan tattaunawar sirri da Amurka da Birtaniya. A yarjejeniyar 2015, Iran ta amince ta taƙaita tace yuraniyom zuwa kashi 3.67 cikin ɗari, ƙarƙashin sa idon hukumar AIEA, a madadin sassauci. Da Amurka ta fice a 2018 ta maido da takunkuminta, Iran ta kai kashi 60 a 2021. Koriya ta Arewa kuwa ta yi gwajin nukiliya sau shida tsakanin 2006 da 2017, duk da matsin da take sha. Abin lura shi ne, matsi ya fi tasiri idan ƙasa ta ga ƙofar fita kuma ta yarda za a cika mata alkawari.

Gyaran da ake nema

A rubuce, galibi abinci da magani ba sa cikin takunkumi. A aikace, bankuna kan ƙi tura kuɗin sayen su don gudun tara. A Disamban 2022, ƙuduri mai lamba 2664 ya keɓe ayyukan jinƙai daga matakan rufe kadarori na Majalisar, amma bai shafi takunkumin da ƙasashe ke sanyawa da kansu ba. Masu neman gyara na buƙatar a buɗe amintacciyar hanyar biyan kuɗin magunguna, a riƙa auna illa ga fararen hula, a kuma fayyace sharuɗɗan ɗage takunkumi tun farko.

Mutanen Nijar sun san raɗaɗin, ko da yake nasu bai shafi nukiliya ba: takunkumin CEDEAO na 30 ga Yulin 2023 ya rufe iyakoki, Najeriya ta katse wutar lantarki. An ɗage shi ranar 24 ga Fabrairun 2024 bisa dalilan jinƙai.