Tabar wiwi: daga dokar 1966 zuwa arewacin Zamfara

Dattawan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sun tashi sun san taba gari da goro. Wiwi baƙuwa ce. Masu bincike na danganta yaɗuwarta a Najeriya da sojojin da suka dawo daga Indiya da Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da kuma ma'aikatan jiragen ruwa. Ta sami wurin zama a dazuzzukan kudu, Ondo da Edo da Delta, inda har gobe ake noma mafi yawanta. Daga can ake ɗuro ta arewa, a buhunhuna, ƙarƙashin wasu kaya.

Likitoci ne suka fara ɗaga murya. A 1964 Tolani Asuni na asibitin Aro da ke Abeokuta ya yi rubutu kan taɓin hankalin da yake gani a mashayanta. Amsar gwamnati kuwa sanda ce. Dokar soja ta 1966, zamanin Ironsi, ta yanke wa mai nomawa kisa ko ɗaurin shekara 21, mai sha kuma shekara 10. An sassauta a 1975, aka kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989, Zamfara ta ƙara da Shari'a a 2000. Duk da haka, binciken 2018 na Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya gano mutum miliyan 10.6 na shan ta.

Maganar halattawa daga kudu ta taso. Marigayi Rotimi Akeredolu, gwamnan Ondo a lokacin, ya je Tailan a 2019, ya dawo yana kiran a noma ta don magani da kuɗin shiga. Daga baya Buba Marwa na NDLEA ya ce sam. Muhawarar masu gona ce. A nan arewacin Zamfara ba gonar muke da ita ba, mashayan muke da su: yaron da ke haɗa ta da tiramadol a bayan tasha, da ɗan bindigar da ake kai wa ita daji tare da fetur da burodi. In kan yaro ya juye, uwarsa ta fara da ruƙiyya, ta koma gidan mari, sai abin ya gagara a nemi kuɗin mota zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, can jihar Sakkwato, a kan hanyar da ita kanta abin tsoro ce.

Tun 1966 ana dogaro da hukunci, ba a matso da magani kusa ba. Ya kamata gwamnatin Zamfara ta fara da sashen kula da masu shaye-shaye a manyan asibitocin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi.