Waiwaye Kan Dalilan Jinkirin Gano Sankarar Mama a Arewacin Nijeriya

Likitocin asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Maiduguri sun daɗe suna kukan cewa yawancin matan da ke zo musu da sankarar mama sai cutar ta ci jiki suke isowa, wato a mataki na 3 ko na 4. An saba ɗora laifin a kan jahilci. Mu dai a ganinmu wannan bayani bai wadatar ba, domin jinkirin yana da nasa tarihi.

Da Turawa suka ci ƙasar Hausa a 1903, asibitocin da suka fara ginawa na sojoji ne da ma'aikatan gwamnati, kuma a bariki suke. 'Yan mishan, waɗanda suka kai magani karkara a wasu sassan, an taƙaita shigarsu ƙasashen sarakunan Musulmi, sai irin su Wusasa. Ko da asibitocin En'e suka samu a birane, maza ne ke duba marasa lafiya. Matar kulle kuwa ba ta fita sai da izinin miji, balle ta buɗe ƙirji ga baƙon namiji. Saboda haka unguwarzoma da wanzami da mai magani su ne na kusa da ita, kuma da su ake farawa. Sai a 1967 Jami'ar Ahmadu Bello ta fara horar da likitoci.

Ita kanta cutar tana taimaka wa jinkirin. Ƙullutun farko galibi ba ya zafi, abin da ba ya zafi kuwa ba a sayar masa da akuya. Mai goyo takan ɗauka nono ne ya daskare. Ga kuma tsoron a yanke mama, musamman a gidan da akwai kishiya. Bugu da ƙari, tun da waɗanda suka je asibiti a makare suka je, da yawa ba su daɗe ba suka rasu, sai maƙwabta suka ɗauka aikin ne ya kashe su, su ma suka ƙi zuwa da wuri.

Sa'an nan kuɗi suka shigo. Bayan tsuke bakin aljihun da gwamnatin Babangida ta yi a 1986, darajar naira ta faɗi, asibitocin gwamnati suka koma karɓar kuɗin gado da magani da gwaji. Na'urar gashi kuma sai Ikko ko Badun, domin Zariya ba ta samu ba sai daga baya. Manomin da zai kai matarsa can dole ya jira kaka, ya sayar da hatsi, ya nemi masauki da mai jinya. Inshorar lafiya da aka kafa dokarta a 1999, ta fara aiki a 2005, ma'aikatan gwamnatin tarayya ta fi amfana. Dokar 2022 ta wajabta ta a kan kowa, ta kuma tanadi asusu domin marasa galihu, amma har yanzu akasarin matan karkara daga aljihun miji ko na dangi ake biya musu.