Rijiya a Teku, Ƙuri'a a Garwa

Daga Garwa zuwa gaɓar teku tafiya ce ta sama da kilomita dubu, amma ɗan Garwa ne ya fara riƙe makullin man Kamaru. A 1977 kamfanin Elf na Faransa ya soma haƙo mai a cikin ruwan Rio del Rey, kusa da iyakar Najeriya, Ahmadu Ahidjo na kan mulki. Jam'iyya ɗaya ce a ƙasar tun 1966, wato UNC, don haka babu akwatin zaɓen da ya taɓa tambayar talaka ko ya yarda a huda ƙasan teku.

Ahidjo ya ajiye kaso mai tsoka na kuɗin a asusun waje, ba ya cikin kasafin da majalisa ke gani. Masu kare shi suna cewa ya ga yadda mai ya sa maƙwabta suka yar da fartanya, shi kuwa yana son auduga da koko su rayu. Ba ƙarya ba ne, SODECOTON da aka kafa a 1974 har yau tana Garwa. Sai dai asusun da ba a ƙirga shi a fili, na wanda ya gaji kujera ne. Ran 6 ga Nuwamba 1982 Paul Biya ya gaje ta, bayan yunƙurin juyin mulkin Afrilun 1984 kuma aka kakkaɓe 'yan Arewa da yawa daga soja da gwamnati.

Da aka buɗe siyasar jam'iyyu, mai ya shiga zaɓe ta ƙofa biyu. A yankin masu Turancin Ingilishi, inda rijiyoyin suke tare da matatar Limbe, kukan shi ne arzikinsu ake kwashewa zuwa Yawunde. Da yawansu ma suna ganin mai ne ya sa Ahidjo ya rushe tarayya a 1972. A Arewa kuwa ba ruwan mai zaɓe da kifin da ya mutu a teku, tambayarsa ina rabonsa. A Maris 1992 UNDP ta Bello Buba Maigari ta ci kujeru 68 cikin 180, galibi daga Arewa, RDPC ta Biya ta tsaya a 88. Kujeru shida na MDR ta Dakole Daisala, shi ma ɗan Arewa, su suka cika wa Biya rinjaye. A 1997 Bello Buba da kansa ya shiga gwamnati.

Abin dariyar (in dariya ce) shi ne babur ɗin Garwa da Marwa ba man Limbe ya saba sha ba, zuwa-zuwa ne, fetur ɗin sumoga daga Najeriya da ake sayarwa a kwalabe bakin titi. Shi ya sa cire tallafin da Tinubu ya yi a Mayun 2023 ya fi taɓa aljihun ɗan acaɓar Garwa fiye da dawo da Bakassi a 2008, wadda aka yi ta buga wa ganga a Yawunde.