Jinginar Gida a Boɗinga da Shagari: Dokar da Muke Jira daga Majalisar Jiha

A ƙasar Sakkwato ba abin kunya ba ne mutum ya jinginar da gona ko gida idan ta matse shi. Rashin lafiya, auren 'ya, ko kuɗin taki a bakin damina na sa magidanci ya tafi wurin mai hali da shaidu biyu, wani lokaci a zauren mai unguwa, a ƙirga kuɗi a tashi. Sau da yawa ba a rubuta komai. In ma an rubuta, a 'yar takardar littafin makaranta ce, da sharaɗin nan da kowa ya sani: in kaka ta wuce ba a biya ba, gida ya zama na mai kuɗi. Hujjar wannan maƙala ita ce sharaɗin nan zalunci ne, kuma Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato na da ikon yin dokar da za ta fito da sayar da gidan jingina fili.

Mu fara da fiƙihu, domin a Boɗinga ba baƙo ba ne. A nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna bayan jihadi, kusa da Sifawa inda Shehu yake, kafin ya koma Gwandu, kuma ya bar littafi kan mallakar ƙasa, Ta'alimur Radi. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na jihar ke hukunci da ita, abin jingina amana ce ta tabbatar da bashi. Sharaɗin cewa zai zama mallakin mai bin bashi idan wa'adi ya cika ɓatacce ne. Abin da ya dace shi ne a kai ga alƙali, a sayar da shi a kan ƙimar kasuwa, mai bashi ya ɗauki haƙƙinsa, ragowar ta koma ga mai gida ko magadansa. Haka kuma wanda ya ba da rance ba ya halatta ya riƙa nome gonar jingina yana cin amfaninta shekara da shekaru. Duk almajirin da ya karanta Risala ko Tuhfa ya ratsa wannan babi. Amma ƙa'idar na cikin littafi, cinikin kuwa a zaure ake ƙulla shi, kuma ba a zuwa kotu sai mai gida ya rasu, marayu sun taso, shaidu sun tsufa ko sun mutu.

Ɓangaren banki ma bai fi haske ba. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. Sashe na 22 ya hana jinginar da fili mai takardar mallaka ta gwamnati sai da yardarsa, sashe na 21 kuma ya ɗora amincewa kan ƙaramar hukuma a mafi yawan filayen gargajiya. Kotun Ƙoli ta nuna nauyin wannan a 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, inda ta rushe jingina don ba a nemi yardar gwamna ba. To, wannan duk ƙofar shiga ce. A ƙofar fita, galibin jihohin Arewa sun gaji dokar Ingila ta 1881, wadda ta ba banki damar sayarwa ba tare da zuwa kotu ba, bayan sanarwar wata uku, ko kuma idan kuɗin ruwa ya yi wata biyu ba a biya ba. Takardar yarjejeniya na iya rage ko wannan ɗan wa'adin, kuma da Turanci take, malamin firamare ko ɗan kasuwar albasa ya sa hannu bai san abin da ya sallama ba. Idan an sayar, dokar na kare mai saye. Mai gida sai dai ya nemi diyya, in yana da kuɗin lauya.

Wasu jihohi sun motsa. Legas ta yi dokarta ta jingina a 2010, Kaduna a 2017. Za a ce mu kwafo tasu mu huta. Ban yarda ba. Babban abin da ya zaburar da irin waɗannan dokoki shi ne a sauƙaƙa wa masu ba da lamuni karɓar kuɗinsu, kuma wannan buƙata ce ta gaskiya, domin bankin da ya san zai yi shekaru a kotu ba zai ba talaka rance ba. Sai dai a Boɗinga da Shagari gidaje kaɗan ne ke da takardar gwamna. Dokar da ta tsaya kan banki za ta tsallake garuruwa irin su Dancaɗi da Dingyaɗi ba ta taɓa kowa ba. Sauri ba tare da sa ido ba kuwa an ga ƙarshensa a Amurka, inda aka gano a 2010 ma'aikatan bankuna na sa hannu kan dubban takardun ƙwace gidaje ba su karanta ba, har jihar Kalifoniya ta yi dokar kare masu gida a 2012.

Abin da muke buƙata bai da tsada. A buɗe rajistar jingina a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, hakimi ya shaida, a rubuta da Hausa, boko ko ajami, kowa ya riƙe kwafi. Kada a sayar da gidan zama sai an kai sanarwa hannu da hannu, an ba da wa'adin da zai haɗa da kaka guda, domin manomi a lokacin yake da kuɗi. Masu ƙima biyu da ba su da alaƙa da mai bashi su yi wa gidan kuɗi, a yi gwanjo ranar kasuwa, a hana mai bin bashi da danginsa saye ta bayan fage. Bayan an sayar a ajiye lissafi a kotu: nawa aka samu, nawa aka cire, nawa ya rage, wa ya karɓa. Matar da ke cikin gidan ita ma a sanar da ita tun ranar ƙulla jingina, domin ita ce ke fara kwashe kaya.

Harkar banki ta tarayya ce, amma tsarin jinginar ƙasa da rajistarta hurumin jiha ne. Muna kira ga 'yan majalisar da ke wakiltar Boɗinga da Shagari su gabatar da wannan ƙuduri, su kuma saurari alƙalai da hakimai kafin a rubuta shi.