Maƙwabcin Gado a Gidajen Tsofaffi

A watan Yunin 2001 aka kai wani dattijo mai shekara 74 gidan kula da tsofaffi na Casa Verde a birnin Toronto na Kanada. Gigin tsufa ya riga ya kama shi, kuma harshen Punjabi kaɗai yake ji. Kafin ranar ta ƙare ya kashe biyu daga cikin mazauna gidan da wani ƙarfe. Binciken da aka kammala a 2005 ya fito da shawarwari 85, amma ya bar tambaya mai wuya: wa za a tuhuma, alhali mai laifin bai san inda yake ba?

Tarihin waɗannan gidaje ya nuna dalilin wuyar. A Amurka, dokar tallafin jama'a ta 1935 ta hana kuɗin tsufa ga duk wanda ke zaune a gidan gajiyayyu na gwamnati, sai tsofaffi suka koma gidajen 'yan kasuwa. Da shirin Medicaid ya zo a 1965, kuɗi suka kwararo, harkar ta bunƙasa, ɓarna ta biyo baya. Mai gigi in ya cika yawo, sai a ɗaure shi a kujera ko a dirka masa maganin barci. Dokar gyara ta 1987 ta taƙaita wannan ɗauri, kuma ta yi daidai. Sai dai idon masu dokar yana kan ma'aikaci azzalumi ne. Wanda aka kwance ya tashi ya shiga ɗakin da ba nasa ba, ya buɗe akwatin wani, ya kwanta a gadon wani, ma'aikatan da za su tare shi kuwa ba su wadata ba. Mai ɗakin, wanda wataƙila shi ma tunaninsa ya raunana, ɓarawo yake gani.

An daɗe ana rubuta irin wannan a matsayin "halin cuta", kamar wanda aka mara bai ji zafi ba. Sai a 2016 Mark Lachs da Karl Pillemer da abokan aikinsu na Jami'ar Cornell suka wallafa ƙidayar da ta tayar da hankali. Sun bibiyi mutum 2,011 a gidaje 10 na jihar New York, suka tarar kusan ɗaya cikin biyar ya gamu da cin zarafi daga maƙwabcinsa cikin wata guda. Zagi da tsawa suka fi yawa, ga shiga ɗaki ba izini, ga duka da ture, har da taɓa jiki ta hanyar lalata. Abin ya fi ƙamari a sashen masu gigi, da kuma inda ma'aikaci ɗaya ke ɗauke da mutane da yawa.

Wannan na ƙarshe, a ganina, shi ne jigon maganar. Gigi ba ya jin magani har yau, amma adadin ma'aikata a kowane sashe kasafin kuɗi ne ke yanke shi, kuma masu cikakken hankali ne ke sa masa hannu.